Tuwo a Gadon Baya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da surukina ya fara ganina ba, ko da na so in manta, don tsohon bai taɓa ba ni damar mantawar ba. Na yi watanni ina shirya yadda zai gan ni. Har babbar riga na sa aka aiko mini daga gida, shuɗiya mai aiki a wuya, na rataye ta a bayan ƙofa ina kallonta kullum kafin in tafi aiki. Rigar ta yi amfani a ranar, amma a makare.

A farkon shekarun casa'in ne. Ina zaune a Parkchester, cikin Bronx, a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan na jan bulo masu kama da juna, inda mutum in ya gaji yakan sa makullinsa a ƙofar wani. Aikina a asibiti ne, ni ke tura marasa lafiya a gado ko a keke, in kai wannan ɗakin hoto, in ɗaga wancan in kwantar. Abokin zamana Malam Illa, mutumin Maraɗi, yana sayar da agogo da tabarau a kan tebur a Manhattan, in hadari ya haɗo kuma ya koma mai lema. Kafin ya zo Amurka magini ne, rumbunan ƙasa yake ginawa (ku riƙe wannan, zai dawo). Ya girme ni nesa, yana salla ina zuwa majami'a, tukunyarmu ɗaya. "Dokta" yake ce mini, saboda farar rigar aikina, kuma duk lokacin da ya faɗa sai na ji dariyar da ke ƙarƙashinta.

Wata safiya na sunkuya zan ɗaga wani bawan Allah mai jiki daga gado, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Tun daga ranar bayana ya zama katako. In na farka sai in yi ta lallashinsa kafin in sauko daga gado. Atishawa ta zama abin da nake tsoro. In cokali ya faɗi ƙasa, to ya zama na ƙasa har Malam Illa ya dawo. Safa ma shi yake sa mini, yana yi yana cewa, "Dokta guda, ga ka nan awa jinjiri." Likitan gaske ya ɗauki hoto ya ce babu abin da ya karye, ya ba ni wasu ƙwayoyi. Ƙwayoyin suna rage zafin, amma suna sa ni barci a jirgin ƙasa mai lamba shida, in wuce tasharmu ina gyangyaɗi, sai a ƙarshen layi wani ya taɓa ni.

Da ciwon ya tsaya a kaina ni kaɗai, da na haƙura. Amma akwai Rifkatu.

Rifkatu tana karatun jinya, tana zaune da goggonta, Goggo Hannatu, a Port Richmond, can tsibirin Staten. Duk Lahadi bayan sujada nakan bi jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, in hau jirgin ruwa zuwa St. George, in shiga bas. Tafiyar ruwan nan ita ce abin da na fi so a duk birnin. Sai in tsaya a bayan jirgi ina kallon benaye suna ja da baya a cikin hazon ruwa, tsuntsaye suna bin mu, injin yana gurnani a ƙarƙashin ƙafata. A nan nake gina gidanmu a zuci. Na raɗa wa 'ya'yanmu suna a kan ruwan nan, na sa su makaranta, har na aurar da babbar, alhali uwarsu ba a ba ni ita ba tukuna.

Sai ga labari cewa mahaifinta zai zo bikin gama karatunta. Baba Malam Ishaya, tsohon malamin majami'a ne a wani ƙauye kusa da Malumfashi, kuma sunansa kawai yana sa samarin yankin gyara tsayuwa. An ce wani ya taɓa zuwa neman yayar Rifkatu, ya dawo daga Ingila da digiri, ya miƙa wa tsohon hannu a tsaye. Baba Malam ya dubi hannun, ya dubi mai hannun, maganar ta mutu a nan. An kuma ce ba ya zama a gidan da bai yarda da shi ba. Ko an kawo kujera, in mai gidan bai kwanta masa ba, a tsaye zai gama abin da ya kawo shi ya tafi.

Wata Lahadi Rifkatu ta rako ni har St. George, muna jiran jirgi.

"Abu ɗaya nake roƙonka," in ji ta. "Ka tsuguna. Har ƙasa. Kada ka tashi sai ya gama amsa gaisuwarka."

"Rifkatu, ni da ko safa sai an sa mini?"

"To ka san yadda za ka yi. Ka gaya masa bayanka na ciwo, zai ce duk 'yan Amurka haka suke cewa. Na san Baba. In ya ce a'a sau ɗaya ba ya sake magana, ni kuma ba zan tsallake maganarsa ba."

Ba ta yi murmushi ba. Ranar na hau jirgin ban raɗa wa kowa suna ba, tsoro ne kawai ya cika ni, don ina sonta kuma na san ba wasa take yi ba.

Taimako ya zo mini daga ƙofar da ke kallon tamu. Wani tsoho ɗan Indiya ne, mutumin kudancin ƙasar, yana zaune da 'yarsa ma'aikaciyar jinya. Baba Raman muke ce masa. Ya gan ni a cikin lif na dafe bango ina cije leɓe, sai ya kama wuyan hannuna ba tare da ya nemi izini ba, ya rufe ido yana sauraro. Ya ce in fito da harshe. Na fito da shi (a cikin lif, a gaban wata mata da karenta). Sai ya ce, da Turancinsa mai karkaɗa kai, "Ɗana, sanyi da bushewa ne suka taru a ƙugunka. Kana shan ruwa da ƙanƙara, kana cin abinci a tsaye, kana barci a lokacin da ba na barci ba. Zo gobe." Abin ya ba ni mamaki, don kakata ma duk ciwon da ka kawo mata cewa take sanyi ne. Ya ce ilimin kakanninsu ne, sunansa Ayurveda.

Ya hana ni ƙanƙara da duk wani abu daga firij. Ya sa ni shan citta da zafinta, da tafarnuwa dafaffa a madara da ɗan kurkum, da jiƙon hulba da safe. Ya koya mini in kwanta rigingine in jawo gwiwoyina zuwa ƙirji a hankali, in kuma durƙusa da hannu da gwiwa in gantsare in sake, yadda kyanwa take yi in ta tashi barci. Ya ce in soya gishiri in ƙulle a tsumma in riƙa gasa wurin. Ya kuma ce kada in jefar da maganar likitana, in ciwon ya sauka ƙafa ko ƙafar ta mutu, in koma asibiti da gudu.

Amma babban aikin shi ne wanda yake kira kati basti. Sai ya kwantar da ni rub da ciki. Ya kwaɓa garin wani baƙin wake nasu da tauri, ya murza shi, ya yi zobe da shi a kan ƙuguna, ya liƙe gefen da yatsa kamar bakin rijiya. Sannan ya ɗumama man riɗi da aka dafa da saiwoyi, ya zuba a cikin zoben har ya cika. In ya huce ya tsane da auduga ya zuba wani. Ban san yadda zan kwatanta muku daɗin abin nan ba. Ɗumin yakan shiga a hankali, ya nutse, ya bi ƙashi, sai ka ji wurin da ya ɗaure tun watanni yana kwancewa zare-zare. Nan da nan nakan bar New York. Kullum sai ya tashe ni.

Da tafiya ta yi tafiya na fara sa safata da kaina. Na fara ɗaukar cokali daga ƙasa. Tsuguno ne dai ya ƙi. Nakan kulle kaina a ɗaki in gwada a gaban babbar rigar nan, kamar ita ce Baba Malam. In na kai rabi sai ƙugun ya ce nan ne iyaka, in tsaya a sama-sama kamar mai neman kujerar da aka janye.

Ranar ta zo. An shirya zan je Port Richmond da yamma in gaida tsohon. Na dawo daga aikin kwana da safe, na cire wayar tarho daga bango kamar yadda na saba don in samu barci, amma barcin ya ƙi. Na gwada tsugunon, rabi. Na ƙwanƙwasa ƙofar Baba Raman, 'yarsa ta ce ya tafi wurin ɗansa a New Jersey, sai Litinin. Ya bar mini kwalbar mai, ya ce in shafa kawai.

Shafa kawai? A ranar da aurena ke kan gwiwata?

Malam Illa yana ɗaure kayansa zai fita, ya ga fuskata. Na gaya masa. Ya taɓa leƙawa sau ɗaya ya ga yadda ake yi, sai ya ajiye jakar.

"Wanga abu ne ya dame ka? Ni da na gina rumbunan da har yau suna tsaye a Maraɗi? Kwanta, Dokta."

"Ba mu da garin waken."

"Ƙullu ai ƙullu ne."

Ya kwaɓa garin semo da ruwan sanyi, ya ƙi kama jikinsa, yana wargajewa. Ya tsaya ya yi tunani irin na magini. Sai ya ɗora tukunya, ya ɗauko muciya, ya tuƙa tuwo. Tuwo sosai, mai tauri, irin wanda in da miyar kuka ce a kusa da sai a ce rana ta yi kyau. Ya bari ya sha iska. Ni kuma na shimfiɗa tabarma a tsakar falo, na tuɓe, na ɗaura tawul, na kwanta.

Gaskiya ta sa in faɗa, aikin Malam Illa ya fi na Baba Raman kyau a ido. Ya ɗora malmala guda a ƙuguna, ya fafe tsakiyarta yadda ake yi wa tuwo gurbin man shanu, ya ja bangon sama, ya lailaye, har ya bi bakin da babban yatsa ya yi masa ado. Ya ɗumama man ya zuba. Ko ɗigo bai zurara ba.

"Voilà," in ji shi da Faransanci, wato ga shi nan. "Kuma tuwo shina riƙe zahi, ya hi na Ba'indiye."

Warin man da tafarnuwa ya cika falon, sai ya kunna turaren wuta a ɗan kaskonsa ya ajiye kusa da kaina. Ya bar tukunyar tuwon da kwalbar a gefe. Ya ce zai sauka ya sayo citta ya yi mini shayi, kada in motsa.

Ina zan motsa? Ɗumin tuwo a sama, ɗumin mai a ciki, hayaƙin turare yana yawo a hasken taga. Ƙarar jirgin ƙasa daga nesa ta fara komawa ƙarar daka, tabarya biyu suna karɓa wa juna. Sai ga ni a tsakar gidanmu, ina yaro, na faɗo daga bishiyar mangwaro, Inna ta kwantar da ni a cinyarta tana murza mini man kaɗe, tana faɗa tana murzawa. Daga nan sai ga ni a jirgin ruwan St. George, amma ba a kan teku yake tafiya ba, cikin gonar dawa yake ratsawa, zangarniya tana shafar gefensa. Ina sanye da shuɗiyar rigar. A gaban jirgin ga wani dattijo a zaune a kujera, na taka a hankali, na tattara riga, na tsuguna sumul, ba ko ƙas. Fasinjoji suna ta jinjina kai. Rifkatu tana tsaye da farin lulluɓi, 'ya'yan nan da na raɗa wa suna suna riƙe da gefen zaninta. Wani can nesa yana cewa, "Gafaranku dai."

Ni kuwa na amsa, da muryar ɗan shekara bakwai, "Inna, ƙara man, ya huce."

Shiru ya biyo baya, irin shirun da ba na mafarki ba. Na buɗe ido ɗaya. Takalmi na gani, baƙi, mai igiya, an goge shi har yana ƙyalli, irin na tsofaffin malamai. Kusa da shi takalmin mata guda biyu, ɗaya na san shi sarai, don ina wurin aka saye shi.

Abin da ya faru (daga baya na ji) shi ne, Baba Malam ya tashi da safe ya ce ba zai jira yaro ya zo masa da kwalliya ba, yana so ya ga inda yake kwana. Rifkatu ta yi ta bugo waya daga gida, ta sake bugawa daga St. George, wayata kuwa tana cire. Malam Illa ya gamu da su a ƙasa suna neman lambar ƙofa.

"Dokta, baƙi na samu," in ji shi daga bakin ƙofa. "Ba a barin manya tsaye waje." Har yau yana rantsuwa cewa ya yi tari a baranda don in shirya.

Abin da na yi bayan nan ba ni na yi shi ba, tarbiyya ce. Ɗan ƙauye in ya ga babba, jikinsa ba ya jiran shawarar kansa. Na yunƙura na miƙe. Man ya kwararo ta ko'ina, ɗumi-ɗumi, ya bi ƙafafuna. Tuwon ya ɗan yi jinkiri, kamar yana tunani, sannan ya sulale a hankali ya faɗi taf a kan tabarma, adonsa na sama. Na damƙe tawul da hannu ɗaya. Sai na tafi ƙasa.

Har ƙasa. Dugadugaina suka zauna, gwiwoyina suka naɗe, ƙugun bai ce komai ba. A tsakiyar kunyar da ban taɓa jin irinta ba, wani farin ciki ya taso mini, na rasa ko kuka zan yi ko dariya.

"Baba, sannu da zuwa."

"Yauwa."

"An zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau."

"Ya aka baro su Mama?"

"Suna lafiya."

"Ya mutanen gida? Ya jama'ar ikilisiya?"

"Duk lafiya, mun gode Allah."

Haka muka bi gaisuwar nan tiryan-tiryan, ban tsallake ko ɗaya ba, shi ma bai rage ba, mai yana ɗiga daga gwiwar hannuna. Goggo Hannatu ta juya fuskarta ga bango, kafaɗunta suna rawa. Rifkatu ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi, ban sani ba ko addu'a take yi ko sallama da ni.

Malam Illa ya jawo kujerarmu mai laushi, ita kaɗai ce ta kirki a gidan.

"Bismillah, Malam, a zamna."

"Bar ni haka," in ji Baba Malam.

Na tuna abin da ake faɗa a kansa. Ya ƙi zama. Dogo ne, siriri, da farin gashi, ya tsaya ƙiƙam yana bin falon da kallo: kaskon turare, kwalbar mai mai rubutun da ba ya iya karantawa, tukunya, tuwon da ke kan tabarma, sannan ni.

"Na ƙare ƙuruciyata ina bin ƙauyuka ina hana mutane kai tuwo gindin kuka," in ji shi a hankali. "Ban san sai na hau jirgin sama zan ga an ɗora shi a kan mutum ba. Wa ake ciyarwa?"

"Ba kowa, Baba. Magani ne."

"Maganin me?"

"Ciwon baya."

Na kwashe labarin duka na gaya masa, ina tsugune: mutumin da na ɗaga, Baba Raman, man riɗi, zoben ƙullu, da dalilin da ya sa wake ya koma tuwo. Ban ɓoye masa ba cewa don in iya gaishe shi nake wannan wahala.

"Ni na gina shi, Malam," in ji Malam Illa, wanda ba wanda ya tambaye shi.

Tsohon ya dawo da idonsa kaina. Sannan ya ce, "Tun yaushe ka kasa tsugunawa?"

"Tun kafin Kirsimeti, Baba."

"Ga ka kuma a tsugune."

"Yau ne na farko."

Ya juya ga matan. "Hannatu, ke da Rifkatu ku je ku duba kantunan nan da muka wuce. Kada ku yi sauri."

Suka fita. Rifkatu ba ta ko dube ni ba. Na ce a raina shi ke nan, ya kore su ne don ya yanka ni ba a gaban mata ba, kuma na gode masa da wannan. Ƙofa ta rufu. Ya saurara har ƙarar lif ta ɓace. Sai na ga ya dafa bayan kujerar da hannu biyu, fuskar nan ta dutse ta yamutse, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Yaro," in ji shi ƙasa-ƙasa, "akwai sauran tuwon?"

Ashe shekaru da yawa da suka wuce ya faɗo daga keke a hanyar wa'azi, ƙugunsa ya bugi dutse. Tun daga nan in ya zauna a kujera mai zurfi ba ya iya tashi sai an kama shi, shi kuwa ba zai yarda a ɗaga shi a gaban mutane ba. Don haka yake tsayawa. Zaman jirgin sama ya kusa kashe shi. A jirgin ruwa ma a tsaye ya zo, Rifkatu tana cewa Baba yana son kallon teku.

"Mutane suka ce wai ba na zama a gidan da ban yarda da shi ba," in ji shi. "Na ji, na ƙyale su. Ya fi daɗin ji."

Malam Illa bai jira ba, har ya mayar da tukunya kan wuta. Muka canza tabarma. Baba Malam Ishaya, wanda samarin ƙasar Malumfashi ke canza hanya in sun hango shi, ya cire rigarsa ya ninke, muka kama shi mu biyu muka kwantar. "Doucement, doucement," in ji Malam Illa, wato a hankali, yana jan bangon rumbunsa na biyu. Ni kuma na ruga na watsa ruwa, na zura babbar rigar nan a ƙarshe, na dawo na tsuguna kusa da kansa (sau biyu ke nan a rana ɗaya, ina ƙirgawa a raina kamar mai sabon keke).

Da man ya fara ratsa shi sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya tambaye ni sunan mahaifina, fuskarsa a cikin matashi. Ya tambayi ko muna da gona a bakin rafi. Muryarsa tana ta yin nisa, na san ƙasar da yake tafiya, don yanzu na dawo daga can. Na ɗauka ya yi barci. Sai na ji ya ce, kamar daga ƙarƙashin ruwa, "Ka ce wa magabatanka su same ni a gida bayan girbi."

Na dubi Malam Illa. "Ka ji?"

"Na ji."

"In ya farka ya ce mafarki yake yi fa?"

"Ni ne shaida, Dokta. Kuma ga shi a ƙarƙashin ginina, ina za shi tahi?"

Bai musa ba da ya farka. Matan suka dawo suka same shi a zaune a kujerar nan mai laushi, da kofin citta a hannu, ni ina gefe a ƙasa. Rifkatu ta dubi ubanta a zaune, ta dube ni, ta sa gefen gyale ta rufe fuska. Da lokacin tafiya ya yi, ya miƙo mini hannu kamar zai sa mini albarka, na gane, na riƙe hannun da ƙarfi har ya miƙe.

Baba Raman da ya dawo ya ji labarin tuwo, ya riƙe kansa da hannu biyu. Ya yi mana faɗa sosai, ya ce da man ya yi zafi da mun ƙona tsoho. Daga nan shi ya karɓi aikin, da garin wakensa na ainihi, har Baba Malam ya koma gida. Ciwon bai rabu da tsohon ba, ni ma nawa yakan leƙo in sanyi ya shigo. Amma a bikin Rifkatu a zaune ya kalli 'yarsa ta karɓi takardarta.

Sirrin kujera na riƙe masa, ko Rifkatu sai da muka yi 'ya'ya ta ji. Nawa sirrin kuwa Goggo Hannatu ta kai shi Malumfashi kafin magabatana su isa. Ranar aurenmu yara suna bina suna leƙen bayan rigata.

Abin da na koya? Na farko, in za ka kwanta da tuwo a baya, ka sa sakata, kuma ka mayar da wayarka bango. Na biyu, na yi watanni ina gyara yadda za a gan ni, amma abin da ya ba ni mata shi ne halin da ba zan so maƙiyina ya gan ni a ciki ba. Har yau ban san yadda zan ba samari wannan shawarar ba.

Zuwanmu gida na ƙarshe kafin ya rasu, Baba Malam ya tsufa ƙwarai, sunaye sun fara kuɓuce masa, jikokinsa ma sai an tuna masa. Na tsuguna na gaishe shi, ya amsa yana dubana kamar baƙo. Sai aka shigo da tuwon rana, aka ajiye mini kwano a gabana. Ya dubi kwanon, ya dube ni, idonsa ya yi haske.

"A'a, ku ɗauke kwanon," in ji shi. "Wannan a baya ake sa masa."